Ɗan Garuwa

Ranar farko

Da asuba Tanimu ya matsa tayata da babban yatsa,
ya ƙwanƙwasa ta kamar mai sayen kankana,
ya ce, "Ta yi."
Bai ce Allah ya ba da sa'a ba.
Sa'a ta Davou ce, shi muka zo rakiya.
Ni an ɗauko ni in tare masa iska,
in kawo masa ruwa.

Mu ɗari da arba'in a bakin layi,
ƙafa ɗaya a kwalta, ɗaya a feda,
sanyin Jos yana cizon gwiwa.
Kwana ashirin da ɗaya, in ji takarda.
Ban ƙirga ba.
Tuwo mai zafi daga gefe ake cinsa.

Aka busa usur.
Sarƙoƙi suka ɗau kuka lokaci guda,
sai ka ce an taɓa amya.
Muka bi ta Farin Gada, inda Inna ke kasa tumatir.
Ta ce za ta tsaya kusa da mai kabeji.
Na ga kabeji.
A irin wannan gudu mutum launi ne kawai.

Rana ta biyu

Mun gangara Hawan Kibo da hantsi, har da masu ba'a.
Da azahar muka juyo masa ta ƙasa,
ba mai cewa uffan.
Numfashi ya zama kuɗi, kowa ya ƙulle nasa.

Na koma baya wurin mota,
na cusa gora bakwai a cikin riga,
sanyinsu na bin gadon bayana,
na sake hawa inda na riga na hau.
Davou ya karɓa bai waiwayo ba.
Ya sha rabi, ya sheƙa rabi a ka, ya jefar.
Wani yaro ya tsince ta a gindin kyarana,
ya ruga gida yana ihu.
Shi kaɗai na ga ya ci wani abu ranar nan.

Rana ta uku

Hadari ya haɗo daga Riyom.
Kafin Bukuru ƙanƙara ta fara dukan hulunanmu,
kwalta ta koma sabulu.
A wata kwana wani ya taɓa birki.
Ƙarfe kan ƙarfe, mutum kan mutum.
Davou ya miƙe da jini a haɓa,
ƙafar kekensa ta lanƙwashe kamar faifai ya sha rana.

Ba a yi shawara ba.
Na sauka, na miƙa masa nawa,
na tura shi da hannu biyu har ya kama hanya.

Sai shiru.
Ban san titi yana da shiru haka ba.
Ruwa na sauka a tsohon ramin kuza,
wata mata a gonar dankali ta dafa fartanya tana kallona,
ni da keken da ba nawa ba.
Ta ce, "Sun bar ka?"
Na ce, "Suna gaba."

Mota ta zo bayan minti huɗu.
Na shiga gari na ɗari da talatin da ɗaya,
ana naɗe tutoci.

Da dare Tanimu na goga mai a sarƙa
wayata ta yi ƙara.
"Sallau, yau na gan ka!
A talabijin ɗin Maman Kangyang, fuskarka sosai.
Amma me ya sa kowa na gudu, kai kana tsaye?"

Na ce, "Aikin ke nan, Inna."
Ta ce, "To. Ka ci abinci?"

Na shanya riga a kan ƙofa,
lambar tana ɗiga.
Ta bayan bango ina jin tarin Davou.
Saura sha takwas.
Na tashi na wanke gorunan.