Littafi na Goma

Shekara talatin da uku Baba Nomau
yana awon ruwan sama a bayan gidanmu na Mirriya,
da mazurarin kwano da ƴar kwalba mai tsage-tsage.
In sama ta zubo da dare, tun bai kurɓi koko ba
zai fita, wando a naɗe har gwiwa,
ya ɗaga kwalbar daidai ido kamar mai duban jinjirin wata,
ya rubuta: goma sha bakwai.
Wata rana: biyu, ko kaza ba ta jiƙe ba.

Da ya rasu, ƴan'uwana suka raba garka da awaki.
Ni aka miƙo wa littattafai tara.
Gara ta ci gefen na huɗu,
ta tafi da rabin wata damina.

A Yamai na fara jin cewa rana tana da tabo.
Malaminmu ya ce su yi yawa, su ragu, su sake yawa,
kusan duk shekara goma sha ɗaya,
kamar mai numfashi a hankali cikin barci.
Ya ce akwai masu neman sawun numfashin nan
a cikar koguna da ramarsu.
Ya ce, kada ku dube ta ido da ido, ba ta da kunya.

Na dawo Damagaram da aron madubin hange.
Na hau duwatsun Birni da hantsi,
na ba ta baya, na tara mata farar takarda,
ta sauko a kai, faifai guda na haske,
da ɗigo uku kamar an zubar da riɗi.
Wani cikinsu, wai, zai haɗiye duniyarmu bai ƙoshi ba.
Wani yaro mai tura kurar jarkoki ya leƙo,
ya ce, Tsahara, takardarki ta yi datti.

Da dare na baje littattafan Baba kan tabarma
ina ƙirga sha ɗaya, sha ɗaya, da ƙwayar gujiya.
Ga shekarar da Korama ta yi fushi
ta kwantar da raken Lawali har saiwa:
tabo ya yi yawa. Gabana ya faɗi.
Ga shekarar da tafkin Gidimuni ya ja da baya
ya bar kwale-kwale zaune cikin taɓo:
tabo kaɗan. Na ce na kama ta!
Na sake ƙirgawa gaba,
sai na faɗa kan damina mai albarka
a inda lissafina ya ce fari.
Ta bayanta ma ta ƙi ni.

Inna Habsu tana ɓarar gujiyar da nake ƙirge da ita.
Ta ce, an ce rana ba ta ƙarya,
ke ce dai za ki ji kunya.

Wataƙila. Hannu da yawa ke cikin ƙwaryar nan:
tekun da ban taɓa gani ba, in ya yi zafi ko ya huce,
gawon da aka sare, hayaƙin garuruwan wasu,
da abin da Mai sama bai gaya wa kowa ba.
Ita rana hannu ɗaya ce, daga nesa take miƙowa,
ban san ko loma nawa take ɗiba ba.
Zagaye uku kacal Baba ya bar mani.
Wa ke sanin halin baƙo daga zuwa uku?

Jiya na wanke mazurarin, na kori gizo-gizo daga kwalbar.
Na sayi littafi a kasuwar Dole, na ja layi biyu,
ɗaya na Baba, ɗaya nawa.
Hadari ya haɗo daga gabas bayan isha'i.
Da asuba na fita, zane a ɗage, na ɗaga kwalbar.
Ruwa: shida.
Tabo: sai gari ya waye, in gajimare ya bar ni.