Ina Kan Tsani

Ran Laraba bayan la'asar
aka aiko yaro shagona:
fankar coci ta ƙi juyi,
zafi ya hana su koyon waƙa.
Na ce jika biyu. Ya ce an yarda.

Ina kan tsani, ƙusa a baki,
Mushe Kwajo ya ɗaga hannu.
Ba ganga, ba molo, ba kowa a gaba.
Mata huɗu suka ɗauko wata kalma
siririya kamar zaren da ba a rina ba,
ba su kai ta ƙarshe ba
maza suka shigo ta ƙarƙashi,
su ma da ita, amma a makare,
sai wasu, sai wasu kuma.
Lugude ne:
turmi ɗaya, taɓare huɗu,
ba wadda ta bugi 'yar'uwarta.

Na tambayi yarinyar da ke riƙe mini tsani,
wane yare ne wannan?
Ta ce Latin, ba mai ciniki da shi yanzu.
Wanda ya tsara muryoyin ya rasu
shekara ɗari huɗu da wani abu,
a ƙasar da ake rufe ƙofar gari tun magariba
don tsoron mahaya.
Me suke cewa?
Zaman lafiya suke roƙo, in ji ta,
ba na jikoki ba, na kwanakinmu.

Ƙusar ta faɗi. Ban sauka ba.

Wata uku ke nan
da aka tare Tsahiru ƙanena a hanyar Gabi,
shi da babur da buhun wake biyu.
Mun sai da gonar bakin Gulbi,
mun aika kuɗin, mun aika katin waya,
lambar ta daina shiga.
Inna ta bar tambaya,
sai dai har yau tana rage tuwo a kwano.
Ni a sujada nake faɗin nawa,
da Larabci, da Hausa in ya ƙare mini.
Ban san akwai wanda ya riga ni
tun kafin a kafa Maraɗin nan ta tudu,
ya rasa yadda zai faɗa da baki ɗaya
ya raba shi huɗu.

Wata tsohuwa ta yi tari, layi ya karye.
Mushe ya ce a sake daga farko.
Aka sake. Sau biyar aka sake.
Haka roƙon yake, ashe.

Waya ce ɓera ya ci. Na ɗaure, na naɗe.
Fanka ta ɗauka,
takardunsu suka tashi kamar balbelu,
yara na bi suna dariya.
Daga masallacin tsallaken titi ladan ya gyara murya,
Mushe ya sauke hannu, suka yi shiru ya gama.

Na karɓi jika biyuna, na lissafa.
A hanya na tsinci kaina ina gunjin muryar maza,
ta ƙasan nan, mai zuwa a makare.
Sauran ukun ba ni da su.