Kama Mini

A kasuwar Mil Sha Biyu, inda nake dako,
ba mai ɗora kwandon tumatir a kai shi kaɗai.
Ka durƙusa, ka gyara gammo,
ka ce da na kusa da kai: kama mini.
Ko bai san sunanka ba, zai sa hannu.

Ran Laraba da yamma muke taruwa,
mu ashirin, in an yi ruwa mu tara,
a majami'armu ta kwano, can bayan tashar Ketu,
tsakanin mai faci da mai suyar ƙosai.
Janareto na tari. 'Yan kamasho na kiran fasinja.
Ruwan kwata kan leƙo ta ƙofa
kamar shi ma yana da roƙo.

Dattijo Habila ya kan ɗaura tabarau da zare,
ya buɗe littafinsa mai bango ja:
Filibus, an ƙwace masa babur a Ikeja.
Rahila, mai gida ya ba ta wata ɗaya.
Lidiya matar Kefas, kwana goma sha biyu a asibiti.
Sai ya ce, mu sunkuya.

Shekarar da aka bugo mini daga Zonkwa
cewa ƙanena ya tafi gona, bai dawo ba,
bakina ya bushe ƙayau.
Na zauna a bencin baya, hula a gwiwa.
Ko “Ya Uba” ta ƙi fita.
Na zo ne don ɗakina ya yi mini ƙunci,
ba don ina da abin faɗa wa Allah ba.

Mama Tabita mai sayar da attarugu,
wadda muryarta ta dishe wajen ciniki,
ita ta kira sunana gaban Ubangiji,
ta kira na ƙanena, har da na uwarmu.
Ban san wa ya gaya mata ba.
Aka ce amin.
Na ji ta a wuyana, wannan amin ɗin,
kamar lokacin da kaya ke barin ƙasa.
Nauyin bai ragu ba.
Ya dai hau inda zan iya tafiya da shi.

Ban taɓa ganin sama ta tsage a Ketu ba.
Abin da na gani shi ne Sila direba,
ido a rufe, kunne a buɗe,
ya tare Filibus a ƙofa: gobe da asuba,
ina neman yaron mota.
Na ga ambulan ya bi benci benci
har ya isa jakar Rahila, ba suna a kai.

Lidiya kuwa ta rasu.
Mako shida muna roƙo.
Na tambayi Dattijo Habila, don me?
Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa,
ya ce, ɗana, ban sani ba.
Amma motar albasa da za ta koma Arewa ba kaya
ita ta kai ta Billiri,
mutum uku zaune da Kefas a baya,
kwana biyu a hanya, ba su bar shi ya yi kuka shi kaɗai ba.

Ƙanena har yau shiru.
Sunansa na nan a littafi mai bango ja,
an cika shafi, an juya, an sake rubuta shi.

Larabar da ta wuce wani yaro ya shigo,
takalminsa duk taɓon Legas,
ya zauna a bencin baya, hula a gwiwa.
Bai rera waƙa ba. Bai sunkuya ba.
Na matsa kusa da shi.
Na ce, ɗan'uwa, yaya sunanka?