Faci Goma Sha Ɗaya

A hawan Dolon, saura kwana biyu mu kai ƙololuwa,
allura ta jingina da ja, ta ƙi dawowa.
Na kashe inji. Tururi ya tsiyayo ta gefen bonet,
jarka takwas ta farar zuma a baya,
Bishkek kuwa da nisa, rana na faɗuwa.

Na san kada a taɓa murfi da zafinsa.
Tabon yana nan a wuyan hannun babana
har ranar da muka yi masa wanka.
Sai na zauna a kan dutse ina jiran ƙarfe ya huce,
tumaki na wuce ni ba ko gaisuwa.

Da igiya aka jawo mu At-Bashi washegari.
Kawu Toktosun ya leƙa, ya lakaci ruwan ya sansana,
ya ce, "Ermek, wannan Niba ta girme ka,
lagiretonta kuma ya gama biyan bashi.
Kawo sifana goma, bar tsayuwa."

Muka tara roba, muka kwance tiyon ƙasa,
ruwa ya zubo ja wur kamar shayin jiya,
da tsatsa, da garin mastad ɗin da Baba ke zubawa
in yoyo ya kama shi a hanya.
Noti ɗaya ya yi gardama, ya cinye mini fatar yatsa.
Fanka ta fita. Muka ɗago tsohon a hankali,
ya fi nauyin da nake tsammani.

A hasken ƙofa na juya shi.
Facin dalma ne birjik, na ƙirga goma sha ɗaya.
Kawu ya san kowanne da sunansa:
wannan dutsen Arpa ne, wannan sanyin shekarar da aka haife ka,
wannan daren da uwarka Gulbarchin ke naƙudar ƙanwarka,
ya liƙe shi da fitila a baki, hannu na rawa.

Sabon fari ne fes, aluminiyam da roba, ba nauyi,
ba wanda ya taɓa zaginsa.
Na ɗaure kilif, na ja fambel, na cika koren ruwa,
na tayar. Minti goma, allura ta soma hawa.
Gabana ya faɗi.

Kawu ya yi dariya har da tari.
"Iska ce ta maƙale. Ɗora hancinta kan tudu,
buɗe hita, bar murfi a buɗe, matsa tiyo."
Na matsa. Ta yi gyatsa sau uku kamar jariri,
ruwa ya sauka, na ƙara,
allura ta koma tsakiya ta yi zamanta.

Mai sayen tagulla ya taya tsohon da kilo.
Na ce a'a, ban ma tsaya jin farashi ba.
Yana rataye a rumfar amya yanzu,
ƙudan zuma na shiga ramukansa suna fitowa.