Kwaɗo Uku

Ƙofar rumbunmu na Bagalam kwaɗo uku gare ta.
Ɗaya nawa ne, na matan da ke matsar man gyaɗa,
mabuɗinsa na ƙulle a haɓar zanena
tare da canjin cefane.
Ɗaya na Nomau, shugaban masu lambun bakin Gulbi.
Na ukun yana wuyan Ɗan Tani ɗan kabu-kabu,
yaron da na goya, yau ga shi har da gemu.

Ba ƙauna ce ta sa muka yi haka ba.
Tun shekarar da mai riƙon adashi
ya ce zai je Ɗan Isa sayo buhuna,
har yau buhunan suna hanya,
ba wanda ya ƙara yarda da aljihun wani.

Ni da Nomau kuwa ko gaisuwa babu.
Akuyata ta ci masa kabeji, ya ɗaure ta kwana biyu,
na biya jika uku ina haɗiyar zuciya.
Shekara huɗu ke nan.
A taro bayansa nake kallo, shi ma ƙeyata.

Duk da haka mun zuba.
Mata tiya-tiya bayan kaka,
masu lambu buhu in albasa ta yi kuɗi,
samari dala ashirin kullum, daga bakin kuɗin mai.

Sai daren Laraba, tsakiyar damina.
Gulbi ya manta iyakarsa.
Katangun laka suka narke kamar sukari a koko,
tukwane suka fita yawo ba sallama,
kwaɗin gaske suka karɓe unguwa da kuka.
Muka kwana a lakwal, bisa teburan yara,
tsohuwa Dela na rungume da rediyonta,
ta ce shi kaɗai ya bi ta.

Da safe aka buga waya can sama,
aka ce mota za ta zo ran Asabar.
Cikin yaro bai san Asabar ba.

Na tsaya bakin ƙofa da mabuɗina,
ya buɗe nasa, ƙofa ko motsi.
Ɗan Tani ya iso yana tura babur da ya sha ruwa,
ya buɗe na biyu.
Na ukun ya zuba mana ido.
Nomau yana ƙetare, inda lambunsa yake jiya.

Na tsine wa ranar da muka yi wannan shawara.
Wani ya kawo guduma.
Ɗan Tani ya ce, Inna, in mun fasa yau,
gobe kowa zai zo da tasa.
Muka jira har inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa.

Can sai ga shi, taɓo har ƙugu,
ba hula, takalmi ɗaya,
mabuɗin a tsakanin haƙoransa.
Bai dube ni ba.
Bakina ya riga ni: Sannu, Nomau.
Ya tofar da ƙasa, ya ce,
Tsahara, akuyar ta tsira?

Gero ya fito da ƙanshinsa na bara.
Ni ke awo, Nomau na kiran gidaje,
samari na kaiwa bisa kai, tunda hanya ta ƙi taya.
Ba mu tambayi wa ya zuba, wa bai zuba ba,
mun rubuta dai, don kaka na tafe.
Kafin la'asar turmi goma sha ɗaya
suna amsa wa juna a filin lakwal.

Motar ta zo ran Litinin.
Ta tarar da magina sun fara buga bulo kyauta,
suna neman a ba su wurin kwaɗo na huɗu.

Har yanzu muna faɗa duk Alhamis,
kan littafi, kan ɓera, kan wa ya makara.
Jiya maƙeri ya zo auna ƙofar,
ya ce za ta yi nauyin buɗewa.
Na ce ƙara mata.