Wanda Zan Iya Ɗagawa

Shekara talatin da ɗaya ina jan bas
daga Osorno zuwa Puerto Montt, in juyo.
Na san kowane rami har da ranar haihuwarsa.
Amma can kudu, inda kwalta ke ƙarewa,
inda jirgin fito ke ɗaukar mutum da abin hawansa,
ban san ta ba sai a bakin fasinja.

Ranar da na miƙa makullin kamfani
Griselda ta zazzage gwangwanin ajiyarmu a kan tebur.
Ta ce, "Eleodoro, gwiwa ba ta jiran kowa.
Je ka gwada babur. Ni ce a baya."

Na farko baƙi ne, ƙato, bijimin da aka yi wa wanka.
Nahuel, yaron shagon, ya shafa tankinsa,
ya ce ko bangon duniya zai kai mu bai yi nishi ba.
Na hau. Yatsun ƙafata kaɗai ke gaida ƙasa.
A hanyar tafki ya yi ta gudu kamar ana binsa bashi,
dutsen nan mai farar hular ƙanƙara
ya zo ya wuce ban ko dube shi ba.
Da muka tsaya a danja ya ɗan karkata,
na ji nauyinsa har cikin haƙorina.
Griselda ba ta ce uffan ba,
ta dai sauka tana kallon gwiwata tana rawa.

Na biyu ja ne, siriri, mai tsiwa,
sai ka rusuna masa kafin ya tafi.
Minti ashirin, wuyan hannuna ya fara ƙara.
Kujerar baya kuwa, tafin hannu ya fi ta faɗi.
Ƙwas, ƙwas, a bayan hular kwanona:
yarenmu ne, ma'anarsa mu koma.

Asabar ta uku ana yayyafi,
irin na garinmu da ba ya tsayawa, ba ya ƙaruwa.
A lungu, bayan tayoyi, na hango shi,
kore, ya koɗe, na hannu ne,
wata likitar shanu ta sha yawo a kansa.
Nahuel bai yi masa kirari ba. Ya miƙo makulli kawai.
Na hau, dugadugaina suka zauna a ƙasa daram.
Muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar maƙwabci yana gyaran murya.
Muka bar kwalta, muka bi tsakuwa
tsakanin gonakin madara da shingen waya,
ƙanshin jiƙaƙƙen itace yana shigowa ta ƙasan gilashi,
hannunta a ƙuguna, sakwa-sakwa, ba riƙon tsoro ba.

Sai ga ɗan maraƙi a kwana.
Na damƙe birkin gaba, abin da aka ce kar in yi.
Muka faɗi a hankali, kamar masu neman wurin zama.
Taɓo har kunne. Maraƙin ya tsaya yana kallon ikon Allah.
Ba gida kusa, ba mota, waya ba sabis.
Na juya masa baya, na tokare kujera da ƙugu,
na ce ɗaya, biyu,
ya miƙe.
Ni kaɗai. Griselda dariya ta hana ta taimako.
Ba girin-girin ba, ta yi mai.
Iya ruwa, fid da kai.

Muka koma da madubi ɗaya yana lilo.
Nahuel ya dafe kai.
Ta ce, "Mun saya. Amma ka rage kuɗin,
ba ka ga madubinsa a karye yake ba?"

A hanyar gida, wajen mahaɗar Purranque,
wata tsohuwa da jaka ta ɗaga hannu ga bas ɗin bayanmu.
Ƙafata ta nemi birki,
idona ya nemi gefen titi.
Ƙwas, guda ɗaya, a bayan hula:
wuce.