Laraba a Tsibirin Lagdo

Da hantsi na ɗauko shi a bakin gaɓa,
Alhaji Hamajoda, da jakar fata da laima.
Shekara talatin da ɗaya yana ƙirga kuɗin gwamnati a Garwa,
yau ya ce igiyar ruwa ya zo ƙirgawa.
Ya dubi jirgina, injin na tari kamar tsohon mashayin taba.
"Naka ne?" Na ce nawa ne.
"Da bashi a kai?" Na ce na biya tun bara.
Ya ba ni hannu kamar na ci jarrabawa.

A tsibiri muka shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiya.
Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando har gwiwa,
ƙafafun ofis, ba su san rana ba.
Agwada na leƙensa daga tsagin dutse,
can nesa dorina ta huro ruwa, ta nutse.
Ɗana Ila ya gasa masa giwan ruwa,
da barkono da lemun tsami.
Ya ci, ya lashe yatsu, ya kishingiɗa,
sai wa'azi ya tashi.

"Tanimu, miƙa hannu ne ya kashe mu.
Kowa ya wage baki kamar ɗan tsuntsu a sheƙa,
yana jiran gwamnati ta sako masa tsutsa.
Na ga takardu, wasu ma na sa musu hannu:
rijiya ɗaya an biya ta sau uku,
motoci goma sun je taron koyar da tsimin mai.
Kuɗin nan ba daga sama suke zubowa ba,
guminka ne aka sake wa suna.
Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Na ce haka ne, Alhaji, don kuwa haka ɗin ne.
Tallafi bai taɓa gane hanyar gidana ba,
mai karɓar haraji kuwa ko a duhu ba ya ɓata.

Amma akwai abin da mahaifina ya nuna mini.
Nan da kake kwance, da can kan tudu ne,
awaki ke hawa, ba kifi ko na rantsuwa.
Inda muka ratso ɗazu gonar dawar wani ce,
kabarin kakarsa na can ƙasa.
Gwamnati ce ta tare Binuwai da kuɗin jama'a,
ruwa ya taso, tudu ya zama tsibiri,
mu kuma muka biyo kifi daga nesa.
Gatarin nawa ne, ban musa ba,
itacen da nake sara dai wani ya dasa.

Bai amsa ba. Ya ja hula ya rufe fuska.
Na ɗauka barci ne.
Can bayan la'asar na hango shi a kan dutse,
hannu a sama, waya a hannu,
yana neman layi, ko fansho ya shigo.
Wata na biyu ke nan, in ji shi, shiru.
Ila ya kau da kai yana danne dariya,
na harare shi.

Kafin mu taso ya ƙirga mini jaka goma sha biyar,
ya sake ƙirgawa, bai ƙara ko dala ba,
sannan ya nemi rasit.
Na rubuta masa a bayan kwalin sukari.

A tsakiyar ruwa injin ya yi tarinsa na ƙarshe.
Rana ta yi ja, sauro ya fara gaisuwa,
fitilun madatsa na can kamar a miƙa hannu a taɓa.
"Wa za mu kira?" in ji Alhaji.
Na ce babu kowa.
Ya yi jim, ya cire agogo ya sa a aljihu,
ya tofa yawu a tafi,
na miƙa masa filafili ɗaya, na riƙe ɗaya.
Yana tuƙi jirgin na karkata hagu,
ina gyarawa ban faɗa masa ba,
har muka ji yashi a ƙarƙashinmu.